Jar Kuɓewar Tsibiri

A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, a wani gida mai ɗaki biyu da rumfa. Bangon na dutse da laka ne, rufin kuwa katako ne da garewanin kananzir da aka fasa aka miƙar. Babu bishiya a layinmu, babu rijiya. Ruwa sayensa ake yi, kuma mahaifina yana cikin masu sayarwa: yakan rataya garwa biyu a sanda, ya ɗebo daga bazan, wato maɗebar ruwan unguwa, ya bi gidaje yana cika randuna. In lokacin Hajji ya zo sai ya jingine sandar ya tafi Mina dako. A irin wannan gari ne kakarmu take zaunar da mu tana ba mu labarin wani wuri da ruwa ya yi wa mutane yawa.

Sunanta aka sa mini, saboda haka Takwara take ce mini. Yaran maƙwabta suna kiran kakanninsu sitti, mu ma muka gwada sau ɗaya, ta waiga baya ta ce ita ba ta ga matar da muke kira ba. Kaka muke ce mata. Ƙanena Hamza shi ne maigidanta, maigidan da a faɗarta bai taɓa kawo cefane ba sai dai a zuba ya ci. Mahaifinmu ɗan farinta ne, don haka ba ta kama sunansa. In za ta yi magana a kansa sai ta ce "mai ruwan nan". Mahaifiyarmu kuma, da muke kira Umma, a unguwar Jarwal, nan cikin Makka, aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta gudu. Kaka tana ce mata 'Yar Makka, wani lokaci da wasa, wani lokaci ba da wasa ba.

Kaka ta baro ƙasar Haɗeja tana amarya, ita da mijinta, da niyyar zuwa Hajji a ƙasa. Guzuri ya ƙare musu a bakin Tafkin Cadi, suka shiga wani tsibiri don su yi noman shekara guda su ci gaba. Shekara gudan ta zama shekaru. A can aka haifi mahaifina, a can ya yi wayo. Da suka sake kama hanya, mijin ya rasu a ƙasar Sudan. Abin da ta iso Makka da shi daga tsibirin biyu ne: ɗanta, da wata 'yar gora cike da irin kuɓewa.

Kuɓewar ja ce, gajera, mai kauri kamar babban yatsa, karanta ma ja ne. Ta ce duk inda suka yi zango mai tsawo sai ta shuka ta, ko da 'yan ramuka ne a bayan bukkar wani, domin irin kuɓewa ba ya jure zaman gora. In ya daɗe ba a sa shi a ƙasa ba, a ido yana nan lafiya lau, amma ya mutu a ciki. Haka ta taho da ita gari bayan gari har ta ƙetare teku. A gidanmu tana shuka ta a tsofaffin garewanin da mahaifina ya daina aiki da su don sun fara yoyo, an jera su a gindin katanga inda rana ba ta daɗewa. Ruwan alwala suke sha. Ba a alwala a ƙasa a gidanmu. Akwai daro da kowa zai tsuguna a kansa, har baƙo, in an gama Kaka ta ɗauka ta bi garewani tana raba musu. 'Ya'yan da suka fara fitowa ba a taɓa su. Takan ɗaura musu zare, su tsufa a jikin kara har su bushe su fara tsagewa, sannan ta ɓare ta zuba a gorar, ta rataye ta a rumfa saitin inda hayaƙi ke tashi.

Ba wannan ce sana'arta ba, 'yan garewani ba sa ciyar da gida. Sana'arta shanya. Da la'asar takan je kasuwa, daidai lokacin da masu kayan lambu daga Wadi Faɗima ke son su tattara su koma, ta sayi ragowar kuɓewa da tumatir da barkono da ganyen albasa. Ta yanyanka, da safe a hau da su saman ɗaki a baza a tabarmi. Ranar Makka ba ta ɓata wa mai shanya lokaci. Abin da ya bushe ta daka wani ta bar wani, ta tara a buhuna har alhazan ƙasarmu su iso. Mutumin da ya yi watanni a hanya yana cin gurasa, in ya ga busasshiyar kuɓewa ba ya tsayawa dogon ciniki.

Abu ɗaya ne Umma ba ta so a lamarin. Duk lokacin da Kaka ta ɓare iri, sai ta ƙulla shi kaɗan-kaɗan a tsummoki ta aike mu da shi gidajen mutane. Akwai wata 'yar Jawa a bayan gidanmu, akwai matar mai gurasa mutumin Bukhara, akwai wata 'yar Yaman a bakin layi. Babu wadda ta roƙa. Umma tana cewa mutanen nan ba manoma ba ne, za su ɗauka roƙo ne aka lulluɓe da kyauta, ko su ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Kaka ba ta jayayya da ita. Abin da take cewa kawai shi ne, "'Yar Makka, a inda na fito mace ba ta ajiye irinta a ɗaki ɗaya."

Tatsuniya sai lokacin sanyi. Watannin zafi babu mai iya kusantar wuta, kowa neman iska yake yi. In sanyi ya shigo, bayan magariba Kaka takan hura gawayi a kasko, kanun muke ce masa, ta ɗora butar shayi, ta jawo ƙwaryar kuɓewa da wuƙarta. Mu kewaye ta, ni da Hamza da yaran maƙwabta masu jin Hausa. Kowa da aikinsa, wani yana cire wa barkono hanci, wani yana tsince ganyen albasa, domin ba ta ba hannun da ke zaune labari. Ina iya tuna ƙaiƙayin kuɓewa a yatsuna, da hasken garwashi a gefen fuskarta, da ƙarar wuƙa tana sauka a katako. Ba ta buɗe tatsuniya yadda na ji sauran tsofaffi suna buɗewa. Takan ce, "Ga ta nan, ruwa ya ja baya ta fito." Mu kuma mu ce, "Mu hau mu gani."

Kafin ta shiga labari sai ta fara shimfiɗa mana tsibirin, don ta san ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi na randa faɗi ba. Ta ce tafkin numfashi yake yi: ya cika ya rufe ƙasa, ya ja baya ya bar baƙar laka mai danshi. Ba a jiran damina a can. Bin ruwa ake yi, yana ja ana shuka, masara a inda ya fara saki, wake a bayanta, kuɓewa da albasa da barkono can kusa da baki. Gonar kowa ƙarama ce, kana tsakiyar taka za ka yi hira da na gefenka ba ka ɗaga murya ba. Babu kasuwa. Masu jiragen da ake ɗaurawa da karan ruwa sukan zo ne in ruwa ya isa ya ɗauke su, da gishiri da kanwa da zane da allura, kuma ba sa karɓar ɗanyen abu, domin zai ruɓe kafin su kai gaci. Saboda haka duk abin da tsibiri zai sayar sai ya bi ta rana ko ta hayaƙi. Kuɓewa a yanka a shanya, tumatir a tsaga ya zama kauɗa, ganyen albasa a kirɓa a dunƙule ya zama gabu, kifi a banda shi. Ta ce lokacin shanya in ka hango tsibiri daga jirgi, sai ka ɗauka an baza zannuwan biki.

Hamza ya taɓa tambayar ta wa ke sayar musu da ruwa a can. Ta ce, "Maigida, a can da mai ruwan nan yunwa ta kashe shi."

Akwai kuma wata rana bayan girbi da matan tsibirai ke shiga jirage su kai wa juna iri. Kowace ta ƙulla kaɗan daga nata ta bar shi a wani tsibiri, ta karɓo na wata ta kawo nata. Babu wanda ya san tsibirin da ruwa zai ci bana. A kan wannan rana ce tatsuniyar da muka fi roƙo take.

A ɗaya daga cikin tsibiran, in ji Kaka, an yi wata mace mai suna Kande, ba miji ba ɗa, sai gona. Ita ta fara samun jar kuɓewa. Wata shekara ce ta tsiro a gefen gonarta, ta kula da ita. Kuɓewar ko ta shekara a bushe, in aka kaɗa ta sai ta yi yauƙi kamar yau aka tsinko. Masu jirage suka gane. In sun zo sai su wuce tsibirin kowa su fara sauka a nata, su ba ta gishirin da ya fi fari da zanen da ya fi kyau, sannan su koma kan sauran mata da abin da ya rage.

Da ranar raba iri ta matso, Kande ta zauna ta yi lissafi. In ta bayar, baɗi kowa yana da ja, jirage su daina farawa da ita. In ta hana, a ce ta fita daga cikin mutane. Sai ta ɗebi iri ta zuba a kasko, ta ɗora a wuta marar ƙarfi tana juyawa, ba har ya sauya launi ba, daidai yadda zai mutu a ciki. Ta ƙulla, ta shiga jirgi ta raba, ana ta sa mata albarka.

A nan Kaka takan ɗauki ƙwayar iri ta ɗora a gefen kanun, ta bar ta jim kaɗan, ta haɗa ta da wata da ba ta ga wuta ba, ta buɗe mana tafin hannu ta ce mu nuna gasasshiyar. Ba mu taɓa ganewa ba.

Matan suka shuka, shiru. Suka ce ƙasarsu ce ba ta karɓe ta ba. Shekara ta zagayo ta sake kawowa, suka sake shukawa, shiru. Daga nan suka daina wahalar da kansu. In ta kawo su yi godiya su soke ƙullin a jinka.

Abin da ya dami Kande ɗaya ne, wata tsohuwar dorina da ke fitowa daga ruwa ta shiga gonar ta yi ta ci, har da tsofaffin 'ya'yan da aka ɗaura wa zare. Kande ta yi shinge, ta hura wuta, ta buga ƙwarya, dorina ba ta fasa ba. Kaka tana yin muryar dorinar daga can cikin maƙogwaro, a hankali: "Kande, ƙasar nan aro ce. Ni ma ara mini aka yi. Bar ni in ci rabona." Kande ta ce mata ɓarauniya mai ƙaton baki, ta jefe ta da hoge.

Sai wata shekara ruwa ya dawo kafin lokacinsa. Ya ci gona, ya ci rumbu, ya ci gorar iri, ita kanta da ƙyar ta tsira a kan damin kara. Da ya ja baya, ta bi tsibirai ɗaya bayan ɗaya tana neman ajiyarta. Ba wadda ta hana ta. Kowace ta zaro ƙulli daga jinka ta miƙa mata cikin tausayi, tana cewa ke da ya sani, zai fito miki. Kande ta karɓa. Ta koma ta shuka gasasshen irinta da hannunta, rami bayan rami, ko akwai ƙwaya ɗaya da wuta ta tsallake. Ta zauna a bakin gona tana jira.

A nan Kaka takan dakatar da labarin ta ci gaba da yanka. In muka tambaya ko ya tsiro, sai ta ce Kande tana can tana jira. Mun daɗe muna kwanciya da wannan ƙarshen. Wata rana na ce mata, in bai tsiro ba, wadda ke cikin garewaninmu daga ina take? Ta dube ni ta ce Takwara ta fara alƙalanci. Sannan ta ƙarasa. Can a wani tsibiri mai nisa inda dorinar ke zuwa hutawa, wasu mata suka ga jan kara ya fito a tsakiyar kashinta. Suka kula da shi, ya yi 'ya'ya, suka raba irin ɗanye yadda ake yi.

"Daga nan tamu ta fito," in ji ta. "Duk miyar da maigida ke sha yana lasar hannu, asalinta kashin dorina ne."

Hamza ya ce shi daga yau ya daina sha. Bai daina ba. Ita kuma ta rufe yadda ta saba: "Ruwa ya dawo ya rufe ta. Kowa ya tashi ya wanke hannu, a daro."

A shekarun yaƙin duniya, lokacin da alhazai suka yi ƙaranci buhunan Kaka suka daina ƙarewa, aka wayi gari da ruwan sama mai ƙarfi. Makka tsakanin duwatsu take, ƙasarta ba ta shan ruwa. In ya yi yawa sai ya gangaro ta kwaruruka gaba ɗaya, shi muke kira sel. Mahaifina ya goyi Kaka, Umma ta ja mu, muka hau tudu tare da sauran mutanen layi. Daga can muka ga rumfarmu ta tashi ɗungurungum ta bi hanya, gorar tana lilo a jikinta. Garewani suka bi ta. Ba mu rasa rai ba, ɗakunan ma sun tsaya, sai dai laka ta cika su. Wasu maƙwabta sun yi asarar da ta fi tamu nesa, ba wanda ke da sararin jimamin gora.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta taya Umma kwashe laka, ta wanke tabarmi. Da gari ya lafa sai ta yafa mayafi ta ce in zo in yi mata tafinta, za mu karɓo ajiya.

'Yar Jawa ta ce ita ai magani ta ɗauka, jiƙawa take yi tana sha don ciwon gwiwa, kuma ta ji dama sosai. Matar mai gurasa ta ce tattabarun mijinta suna godiya. 'Yar Yaman ta daɗe tana bincike, can ta fito da ƙulli ɗaya daga ƙasan akwatin turare, ba ta san na wace shekara ba ne. Kaka ta yi wa kowace godiya kamar an cika mata hannu. Muka dawo gida, mahaifina ya ba ta garwa, ta shuka wannan ƙulli ɗaya. Irin yana ƙamshin turare, a ido babu abin da ya same shi.

Kullum da safe ta zuba ruwan alwala ta zauna kusa da garwar. Kwanaki suka wuce waɗanda kuɓewa ke ɗauka ta tsiro, suka ninka, ƙasa ba ta tsage ba. Hamza, da yake yaro ne, ya zo ya tsaya a kanta ya ce, "Kaka, kin zama Kande." Umma ta ɗaga hannu za ta make shi, Kaka ta tare. Ba ta dube shi ba, garwar take kallo.

"Ni ban gasa ba, maigida," in ji ta.

Ragowar sanyin shekarar ba a yi tatsuniya ba. Ana hura kanun, ana yanka, amma shiru. Umma ba ta taɓa cewa ai na faɗa ba, ko sau ɗaya. Ta je kasuwa da kanta ta nemo irin kuɓewar da ake nomawa a nan, koriya doguwa, ta kawo mata. Kaka ta sa mata albarka ta ajiye. Daron alwala kuwa yana cika a zubar a ƙofar gida. Na ji ta sau ɗaya tana gaya wa mahaifina cewa wannan kuɓewar ce kaɗai ta san fuskar ubansa a duk garin nan.

Mahaifina ne ya tuno da Malam Ɗanjuma. Wani Basakkwace ne, abokin dakonsa a Mina, wanda in Hajji ya wuce yakan tafi aikin lambu a Wadi Faɗima. Ya taɓa cin tuwon salla a gidanmu, Kaka ta bi shi da ƙulli har ƙofa, ya karɓa yana tsokanar ta ko toshi ne take yi masa. Babu hanyar samunsa sai in Hajji ya zo. Muka yi ta jira watanni.

Da lokacin ya yi, dukanmu muka tafi Mina kamar kowace shekara. Kaka ta baza buhunanta a bakin wata hema, wato tanti, a bayanta Umma tana yanyana naman layya tana shanyawa a igiya. Da yamma mahaifina ya zo da Malam Ɗanjuma, kafaɗarsa duk shatin igiyar kaya. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta tambaye shi ba sai da ya sha ruwa ya ci abinci.

Ya ce ya shuka, a bakin hanyar ruwa, kuma ta yi kyau. Amma da mai lambun ya ga ja ce sai ya ce a tumɓuke, mutanen kasuwa ba sa sayen jar bamiya, ɓata wuri ne. Shi kuwa ɗan aiki ne, ya tumɓuke. Kaka ta gyaɗa kai ta ce Allah ya saka da alheri, ta juya tana ɗaure bakin buhu.

Malam Ɗanjuma ya sosa ƙeya. Ya ce sai dai akwai wani mutumin Sudan da ke aiki a lambun da ke maƙwabtaka da nasu, marar kunya ne ƙwarai. Tun kafin a tumɓuke yake tsallako shinge yana tsinka, har da tsofaffin da aka bari su bushe. Yanzu haka tana nan a bayan bukkarsa ta yi duhu, ba ya ba kowa.

"Wallahi Hajja ban ba shi ba," in ji shi. "Sata ya yi."

Kaka ta saki bakin buhun. Ta dube ni, ta dubi Hamza, sai ta fashe da dariya, irin wadda ba mu ji ba tun ranar sel, har tana share ido da gefen mayafi. Malam Ɗanjuma ya rasa abin da ya faɗa na ban dariya. Hamza ne ya ce masa, "Dorina ce." Wannan bai ƙara masa haske ba.

Bayan Hajji da 'yan makonni, wani mai raƙumin kayan lambu ya tsaya a bakin layinmu da saƙo: busassun 'ya'yan kuɓewa kaɗan a cikin tsumma. Ban san yadda Malam Ɗanjuma ya raba mutumin da su ba, ban kuma tambaya ba. Busasshiyar kuɓewa duk launinta ɗaya, ba mai iya cewa ja ce ko koriya sai ta tsiro. Kaka ta shuka, aka koma tara ruwan daro.

Umma ce ta fara gani. Da asuba ne, ta gama alwala ta ɗauki daron da kanta, abin da ba ta saba yi ba. Na ji ta tsaya a gindin katanga ta daɗe. Sannan ta zo ƙofar ɗaki ta kira Kaka ta zo ta gani, a hankali, rabi Larabci rabi Hausa, "Inna, ta'ali shufi. Karan ja ne."

Da 'ya'yan farko suka bushe aka ɓare, irin bai fi cikin tafi biyu ba. Na ɗauka wannan karon Kaka za ta riƙe abinta. Sai ga ta tana yayyaga tsumma. Umma ta tambaye ta har da mai tattabaru? Ta ce har da ita, har da mai ciwon gwiwa, ita ba ta san gidan da dorina za ta bi ba.  Umma ta miƙa hannu ta ɗauki ƙulli ɗaya, ta ɗauki garwa mai yoyo, ta ce za ta leƙa Jarwal wajen yayarta. Sanyin shekarar aka dawo da tatsuniya.

Na daɗe ina ɗaukar labarin Kande a matsayin horo a kan rowa, irin wanda ake yi wa kowane yaro. Sai da na girma na lura cewa Kande ba ta hana kowa komai ba. Ta bayar, an gode mata. Kaka kuwa ta san ajiya iri biyu. Abin sayarwa takan kashe shi da rana don ya daɗe, kuma ta ƙware a wannan. Iri ne ba ta da dabarar da za ta tsare shi da ita, sai dai ta sa shi a ƙasa, ta kuma sake shi da ransa a hannun mutanen da ta san yawancinsu za su ɓatar. Sun kuwa ɓatar. Wanda ya riƙe mata shi mutum ne da ba ta taɓa gani ba, bai kuma nemi izininta ba.

Yanzu a unguwar Aziziyya nake zaune, a bene, ruwa yana zuwa ta famfo. Jikokina sukan shigo su gaishe ni da Hausa, ina kwana Kaka, sannan su juya su ci gaba da Larabcinsu. Nakan ba su labarin Kande duk da haka, in yi muryar dorina, wasu su yi dariya a inda ya kamata, wasu sai an fassara musu. Ban san abin da ke bakinsu ɗanye ne ko ya riga ya mutu a ciki ba. Da ido ba a ganewa.

Jar kuɓewar tana nan a robobi a bakin ƙofar gidan, ƙasan matakala, inda rana ba ta daɗewa. Bana wani yana tsinke mini 'ya'yan da na ɗaura wa zare. Ɗana yana zargin yaron mai gadin gidan da ke fuskantar namu, ya ce zai kawo waya a kewaye wurin. Na ce masa ya bari.